RA'AYINMU: Mu Sakar Wa Ubangiji Linzami



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinmu, mu masu bi da ke zaune a wuraren da muke 'yan tsiraru, wato "ba mu da kowa sai kanmu." Ana jinta a taron dattawa, ana jinta a zaman makoki, har yaranmu ma sun haddace ta tun ba su san ma'anarta ba. Ba mu ga laifin wanda ya fara faɗinta ba, domin wahala ce ta haife ta. Da yawa daga cikin iyayenmu an kore su daga gida ranar da aka yi musu baftisma, an karɓe gonakinsu, an hana su auren 'ya'yan dangi. Da hannunsu suka buga tubali suka gina majami'u, da gayya suka nome gonar ikkilisiya, da damin dawa suka riƙe masu bishara. Sa'ad da ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, aka kuma kafa TEKAN a 1955, irin waɗannan talakawa ne suka ɗauki nauyin aikin. Da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, ikkilisiyoyi da yawa sai da suka sake farawa daga tushe. Wanda kuma ya ga abin da ya faru a Kaduna a 2000, ko bayan zaɓen 2011, ko ƙone majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, ba sai an koya masa cewa taimako yakan yi jinkirin zuwa ba.

Saboda haka ƙwazo da juriya gado ne mai kyau, muna kuwa gode wa Allah dominsa. Amma abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai a wannan fitowa shi ne, halin da ya tsare mu a gaban mutane yana iya zama katanga tsakaninmu da Allah. Mutumin da ya saba kada ya nuna kasawa a gaban kowa, a hankali yakan kai inda ko a gaban Mahaliccinsa ba ya iya durƙusawa da gaske. Yana zuwa sujada, yana ba da zakka, yana iya zama ma dattijo ne, amma linzamin rayuwarsa yana hannunsa, ya kuma ƙudura a ransa ba mai karɓa. Wannan shi ne taurin kan da muke nufi, kuma ya fi haɗari ga wanda ya daɗe cikin bi fiye da sabon tuba.

SARKIN DA DABARARSA TA CI

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani mutum wanda ya kamata kowane dattijo ya karanta a natse, wato Asa, sarkin Yahuza, a 2 Tarihi sura 14 zuwa 16. Asa ya fara da kyau ƙwarai. Ya rushe bagadan gumaka, har Ma'aka, gyatumar gidan sarauta, sai da ya tuɓe ta daga matsayinta saboda gunkin da ta yi. Sa'ad da Zera mutumin Kush ya taso masa da rundunar da ta kusa ninka tasa, da karusai 300, Asa ya fita zuwa Maresha, ya yi kira ga Ubangiji, ya shaida a fili cewa shi da mutanensa ba su da ƙarfi, ga Allah kaɗai suke dogara. Ubangiji kuwa ya ba shi nasara, ƙasar ta zauna lafiya shekaru masu yawa.

A shekara ta 36 ta sarautarsa, Ba'asha sarkin Isra'ila ya zo ya fara gina Rama domin ya toshe hanyar shiga da fita Yahuza. Wannan barazana ba ta kai ta Zera ba ko kusa. Amma a wannan karo ba mu karanta cewa Asa ya yi addu'a ba. Ya riga ya zama tsohon hannu a mulki, ya san yadda duniya take tafiya. Sai ya kwashe azurfa da zinariya daga taskar Haikalin Ubangiji da ta fadarsa, ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu, ya saye shi domin ya kai wa Ba'asha hari ta arewa.

A lura da wannan da kyau, 'yan'uwa: dabarar ta ci. Ba'asha ya bar ginin ya gudu, Asa ya kwashe duwatsu da katakon Rama ya gina Geba da Mizfa da su. Da a zamaninmu ne, da an shirya sujadar godiya, an ba sarki lambar yabo. Mutum ɗaya ne kurum, Hanani maigani, ya zo ya faɗa masa cewa ya yi wauta, tun da ya bar dogara ga Allahn da ya cece shi daga Kushawa ya jingina ga mutum. Asa ya husata, ya jefa annabin a kurkuku, ya kuma fara gallaza wa waɗansu daga cikin jama'arsa. A shekara ta 39 ciwon ƙafa mai tsanani ya kama shi, duk da haka bai nemi Ubangiji ba, ga masu magani kaɗai ya tafi. A shekara ta 41 ya rasu.

Asa bai taɓa komawa ga gumaka ba, bai rufe Haikali ba, bai yi musun Allah da bakinsa ba. Abin da ya same shi shi ne ya kai matsayin da yake ganin zai iya da kansa, nasarar da ya samu kuwa ta ƙara tabbatar masa da haka. Dabarar da ta faɗi takan kora mutum zuwa ga addu'a. Dabarar da ta ci ba tare da Allah ba, ita ce mai kashewa, domin takan sa a riƙa kallon mai gargaɗi kamar maƙiyi.

INDA CIWON YAKE A CIKINMU

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu ambaci wurare huɗu da wannan hali yake ɓuya a ikkilisiyoyinmu.

Na fari, maganar tsaro. Ba asiri ba ne cewa tun da rikice-rikice da satar mutane suka yawaita, akwai masu amsa sunan Almasihu da suka koma ɗaura guru da laya, suna shan maganin bindiga da na ƙarfe, waɗansu ma iyayensu ne suke kai su wurin boka da dare. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai Fasto, wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi." Mun san tsoron da ke bayan wannan magana, ba kuwa muna raina shi ba ne. Amma mutumin da ya sa Littafi a aljihun dama, laya a na hagu, ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa Yesu shi kaɗai bai isa ba. Wannan shi ne Ben-hadad na zamaninmu, kuma kuɗin da ake biyansa da shi bangaskiyar 'ya'yanmu ce.

Na biyu, maganar kuɗi da manyan mutane. Sau nawa kwamitin gini yakan zauna, a buɗe da addu'ar minti biyu, sa'an nan a ɗauki awa uku ana lissafin wane ɗan siyasa za a gayyata ya zama babban baƙo a ranar tara gudunmawa? Ba laifi ba ne mai hali ya ba da taimako ga aikin Allah. Laifin yana wurin da bagade ya zama abin ciniki, aka miƙa wa mai neman ƙuri'a makarufo a tsakiyar sujada, daga baya kuma bakin mai wa'azi ya mutu, ba ya iya tsauta wa zalunci domin rufin da ke bisa kansa kyautar azzalumin ne. Ginin zai tashi, kamar yadda Geba da Mizfa suka tashi, amma an kwashe wani abu daga taskar Ubangiji kafin a biya.

Na uku, maganar kujera. Akwai ikkilisiyoyin da mutum ɗaya ya ba da filin, shi ya fara tara jama'a a zaurensa, shi ya sha duka da zagi a kwanakin farko. Irin wannan bawan Allah ya cancanci girmamawa. Amma idan ya kai ga cewa ba a sāke ko benci sai da izininsa, ba a duba littafin kuɗi in yana wurin, duk fasto da aka aiko kuwa sai ya bi ra'ayinsa ko ya tattara kayansa, to, ikkilisiyar ta tashi daga hannun Mai ita. Mu fastoci ma wannan gargaɗi bai tsallake mu ba, domin takardar makarantar tauhidi da yawan shekaru a bagade suna iya sa mutum ya hau ya yi wa'azi da gwaninta kurum. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Duk shugaban da ba shi da wani Hanani da zai iya shigowa ya faɗa masa gaskiya ya fita lafiya, yana kan hanyar Asa.

Na huɗu, maganar gida. Maigida yana cikin bashi har wuya, ko burkutu ya kama shi, ko aurensa yana rushewa, amma ran Lahadi in an tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." Uwargida tana ɗauke da ƙullin shekara 10 a kan surukarta, ta kuwa rantse ba za ta yafe ba sai an zo an durƙusa mata. Saurayi ya riga ya zaɓi matar da zai aura da hanyar da zai samu kuɗi, addu'ar da yake yi ta neman Allah ya sa hannu ne a takardar da ya gama rubutawa. Duk waɗannan suna cewa Ubangiji ne makiyayinsu, amma kowa ya keɓe ɗaki ɗaya a zuciyarsa ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuya.

DAREN YABBOK

Allah cikin jinƙansa ba ya barin nasa a wannan hali. Dubi Yakubu a Farawa sura 32. In ana maganar iya fid da kai, ba a yi kamarsa ba. Ya karɓi matsayin ɗan fari daga hannun Isuwa da kwanon abinci, ya karɓi albarka da fatar akuya, ya yi shekara 20 a gidan Laban, aka sāke masa lada har sau 10, duk da haka ya fito da dukiya. Da ya ji Isuwa yana tafe da mutum 400, nan take ya shiga lissafi. Ya raba jama'arsa kashi biyu domin in an bugi ɗaya, ɗaya ya tsira. Ya ware dabbobi 550, ban da 'ya'yan raƙuma, ya jera su garke garke su sha gabansa domin su sanyaya zuciyar wansa. Ya yi addu'a kam, addu'a mai kyau ma, amma yana tashi ya koma kan shirinsa.

Da dare ya yi, ya haye da iyalinsa da dukan mallakarsa a mashigin Yabbok, ya ragu shi kaɗai. A nan ne wani ya kama kokawa da shi har gari ya kusa wayewa, ya taɓa kwatangwalonsa ya gocar da shi. Mai kokawa in ƙugunsa ya tafi, ƙarfinsa ya ƙare, abin da ya rage masa sai ya riƙe abokin karawarsa kada ya faɗi. Haka Yakubu ya yi, ya riƙe, yana roƙon albarka. Sai aka tambaye shi sunansa. Shekara 20 da suka wuce, da mahaifinsa makaho ya yi masa irin wannan tambaya, sunan Isuwa ya ba shi. A wannan dare ya faɗi nasa na gaskiya, sunan da ke ɗauke da ma'anar mai zamba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Bayan ya faɗa ne aka ba shi sabon suna, Isra'ila.

Washegari mutumin da ya shirya ya ɓuya a bayan garkuna, shi ne ya wuce gaban matansa da 'ya'yansa yana ɗingishi, ya sunkuya har sau 7, Isuwa kuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi. Dabbobin nan 550 ba su ne suka sayi wannan sulhu ba, domin da farko ma Isuwa cewa ya yi yana da abin da ya ishe shi. Manzo Bulus ya koyi wannan darasi a ƙasar Asiya, inda ya shaida a 2 Korantiyawa 1:8-9 cewa wahala ta fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa, hakan kuwa ya faru ne domin su daina dogara ga kansu, su dogara ga Allah mai ta da matattu. Mai yiwuwa ciwon da wani mai karatu yake roƙo a ɗauke masa yau, shi ne hannun da Allah ya sa a ƙugunsa.

BA MUNA WA'AZIN LALACI BA NE

Mun san wani zai ce, "To, mu naɗe hannu ke nan? Ba Allah ne ya ce tashi in taimake ka ba?" Da fari dai, wannan magana karin maganar mutane ce, ba aya ba ce, ko an bincika daga Farawa har Wahayin Yahaya ba za a same ta ba. Bishara ma ta nuna mana cewa tun muna rasassun ƙarfi ne Almasihu ya mutu dominmu, kamar yadda Romawa 5:6 ta koyar. Amma kuma Littafin bai goyi bayan zaman kashe wando ba. Bulus ya umarci Tasalonikawa kada a ciyar da wanda ya ƙi aiki. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana a kan garun Urushalima. Laifin Asa ba zuwa wurin masu magani ba ne, gama Luka da kansa likita ne, kuma masu bishara ne suka gina asibitoci irin na Vom da Garkida da Wusasa da Galmi. Laifinsa shi ne ya sa su a gurbin Allah.

Bambancin yana wurin wanda yake da maganar ƙarshe. Manomi mai bangaskiya yana yin sharar gona, ya kai taki, ya yi shuka a kan kari, ya yi noman fari da maimai, amma ya sani ko ɗigon ruwa ɗaya ba shi da ikon saukarwa. Mai miƙa kai yana shiri, amma yana kawo shirin a gaban Ubangiji tun yana ɗanye, a shirye yake kuma a ce masa a'a. Yana tsaron gidansa ta hanyar da doka da Maganar Allah suka yarda, amma ba ya ɗaukar fansa, ba ya kuma sayen kariya daga hannun Shaiɗan.

Muna da shaida a zamaninmu. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, watanni kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. Shugabannin suka yi hijira zuwa Jos. Ikkilisiyar da aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta ga kamar ƙarshenta ya zo, amma ta riƙe koyarwarta ta salama, ta koma gida, a 2023 kuma ta yi bikin cika shekara 100. Ɗaya daga cikin fastocinta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, an kama shi a farkon Janairu na 2020. A saƙon bidiyon da masu tsare da shi suka fitar, ya roƙi a yi ƙoƙarin fid da shi, gama yana son ya koma wurin iyalinsa. Amma ya kuma nuna cewa bai karaya ba, tun da kowane hali da mutum ya samu kansa yana hannun Allah, in kuma bai dawo ba, a karɓa a matsayin nufin Allah. A cikin watan nan aka kashe shi. Ga mutumin da ya nemi hanyar tsira, amma ya riga ya miƙa linzamin. Irin wannan natsuwa ba a samunta rana ɗaya a hannun maƙiya, sai wanda ya saba miƙa kansa a ƙananan abubuwa tun ana zaman lafiya.

ROƘONMU GA IKKILISIYOYI

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta keɓe zama guda wanda ba za a tattauna gini ko kuɗi ba, a karanta 2 Tarihi 16 tare, kowa ya tambayi kansa wane ne Ben-hadad ɗinsa. A mai da shi al'ada cewa duk wata babbar shawara, ko sayen fili ce, ko gayyatar baƙo, ko kai ƙara, sai ta kwana cikin addu'a da azumi kafin a yanke ta. Fastoci su buɗe ƙofa ga duk mai guru ko laya da yake so ya rabu da su, a karɓe shi cikin asiri da ƙauna ba da tonon silili ba, a ƙone kayan kamar yadda masu bi na Afisa suka ƙone littattafansu na sihiri a Ayyukan Manzanni 19. Wanda ya daɗe a kujera ya fara koya wa na bayansa tun yana da ƙarfi. Wanda kuma kaya ya yi wa nauyi a gida, ya nemi ɗan'uwa amintacce ya faɗa masa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sau da yawa kuma ta hannun 'yan'uwa ne Allah yake aiko da taimakon da muke roƙo. Bitrus ma da farko ya ƙi Ubangiji ya wanke masa ƙafa, sai da aka faɗa masa cewa in ba haka ba, ba shi da rabo tare da shi.

Ga kai kuma da kake karanta wannan, wanda ka san ɗakin da ka kulle, kada ka jira sai an goce maka ƙugu. Wanda yake neman mabuɗin nan shi ne wanda ya durƙusa a Gatsemani ya zaɓi nufin Uba a kan nasa, ya tafi gicciye dominka. Ba zai karɓi ranka domin ya lalatar ba. Iyayenmu da aka kora daga gidajensu sun tsaya ne domin akwai wanda yake riƙe da su, shi ne kuma zai riƙe mu da 'ya'yanmu a garuruwan nan da ya ajiye mu. Bari mu gyara maganar da muka gāda, mu koya wa yaranmu cewa ba mu da kowa sai Ubangiji, shi kuwa ya isa.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai taushi, ya tsare ikkilisiyarsa a duk inda take. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.